Katakon mapul: yaya zan gane mai tauri daga mai taushi?

Kafintan Columbus:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina zaune a jihar Ohio, kuma ina son haɗa teburin aiki mai nauyi a gareji, irin wanda ba ya girgiza idan ana sara ko ana gyara fuskar katako da hannu. Wani manomi ya sayar min da tulin katako mai kaurin inci 2, ya ce mapul ne daga gonarsa, ya daɗe a rumbu yana bushewa. Ko da na tambaye shi wane iri, sai ya ce shi dai mapul ya sani. Duka fari ne fes, amma wasu na da zane-zanen toka da 'yan ƙananan ramuka. Ni da madaci da iroko na saba a gida. Yaya zan bambance? Idan kuma mai taushi ne, asara na yi?

Malam Na-Toronto:
Wa alaikumus salam. Malam, fara da sikeli, don ido yana yaudara a kan mapul. Mai tauri shi ne na sukari, wanda ake tatsar ruwansa a yi zuma, Acer saccharum. Idan ya bushe, kowace ƙafa murabba'i mai kaurin ƙafa guda tana kai kusan fam 44. Masu taushin su ne jan mapul, kusan 38, da na azurfa, kusan 33. To katako mai inci 2 da inci 6, tsawon ƙafa 8, zai ba ka kusan fam 29 in mai tauri ne, 25 in ja ne, 22 in na azurfa ne. Amma ka fara auna danshi da na'ura, domin ɗanyen mai taushi zai iya fin busasshen mai tauri nauyi.

Kuma tunda gonar mutumin ce, ka roƙe shi ya nuna maka sauran itatuwan. Ganyen na sukari bakinsa sumul yake, tsakanin yatsunsa a zagaye. Na ja bakinsa kamar haƙoran zarto, tsakanin yatsun a tsuke.

Baba Mai Gizago:
Ɗana, kwantar da hankalinka, babu asarar da ka yi. Sunan nan "mai taushi" yana tsorata mutane a banza. A ma'aunin tauri na Janka, mai tauri 1,450 yake, jan mapul 950. Wannan 950 ɗin ya fi yawancin katakon fain da Amurkawa ke haɗa teburin aiki da shi ba tare da wani ƙorafi ba. Ni nawa teburin da jan mapul na yi shi, kuma da gangan. Saman tebur dole watarana ya karkace ka sake daidaita shi da hannu, a ranar za ka gode wa Allah da bai zama mai tauri ba, don shi yana dakushe bakin kayan aiki yana ƙonewa a bakin zarto. Sannan idan ƙofar kabad ɗin da ka ɓata kwana kana yi ta faɗo a kan tebur, gara teburin ya lotsa da ƙofar ta lotsa. Mai taurin a bar shi ga filin ƙwallon kwando, can ake buƙatarsa.

Zanen tokan nan da ramuka aikin wani ƙwaro ne da ake kira ambrosiya, yana shiga da naman gwari ya rina itacen. An fi ganinsa a mai taushi. Ba ya rage ƙarfi, sai dai ka duba ko akwai sabon gari na zubowa daga ramukan.

Malam Na-Toronto:
Baba, na yarda da kai a kan ja, amma ban yarda a kan na azurfa ba. Shi 700 ne kawai, ramukan da ake cusa turakun riƙe katako za su yi saurin faɗi. Gara ya tantance. Malam, nemi garin feros salfet a shagon kayan lambu, jiƙa kaɗan a ruwa, ɗiga a guntun da ka goge. Mai tauri zai yi shuɗi-shuɗi ko kore mai haske, mai taushi ya yi duhu kusan baƙi. A guntu fa, ba a fuskar da za ta fito ba, tabon ba ya fita.

Kafintan Columbus:
Allah ya saka da alheri. Na auna jiya da dare, sun rabu gida biyu, yawancin kusan fam 25, 'yan kaɗan kusan 29. Masu nauyin zan ajiye su a gaban tebur da wurin ƙarfen matsewa, sauran su tafi tsakiya da ƙafafu. Baba, haɗa iri biyu da gam a sama ɗaya ba zai buɗe ba idan sanyi ya zo aka kunna hita?

Baba Mai Gizago:
Ba zai buɗe ba muddin danshinsu ɗaya ne. Shigo da su garejin su yi wasu makonni kafin ka taɓa su, katakon rumbu bai kai bushewar cikin gida ba. Ka yanka su tsaye, ka juya gefe ya zama sama, sannan ka manna uku-uku ko huɗu-huɗu, kada ka yi duka a rana ɗaya, gam zai bushe maka kafin ka gama matsewa.