Scapegoat da Hausa: ni na tsaya a kan "akuyar laifi"

Shekaranjiya ina fassara wani rahoto kan ƙaramin ma'aikacin da aka kora bayan wata badaƙala, alhali manyan da suka sa hannu a takardun suna nan daram a kujerunsu. Marubucin ya kira shi scapegoat. Na jefo tambaya a nan kan yadda za a faɗi wannan kalma da Hausa, kuka kawo saniyar ware, ragon fansa, ragon layya, wani ɗan'uwa ma ya ce a rubuta sikefgot a wuce wurin. Na gode ƙwarai. Amma kafin mu zaɓa, mu leƙa zangon Isra'ilawa a jeji, don can ne asalin maganar.

Labarin yana cikin Attaura, Littafin Firistoci, sura 16. Ya biyo bayan mutuwar Nadab da Abihu, 'ya'yan Haruna babban firist, waɗanda suka miƙa wutar da ba a umarce su ba. Shi ya sa surar take cike da taka-tsantsan: Haruna ba zai shiga Wuri Mafi Tsarki, wato can ƙuryar alfarwar ibada, sa'ad da ya ga dama ba. Sau ɗaya ne a shekara, ran 10 ga wata na 7, ranar kafara, wadda Yahudawa suke kiyayewa har yau da sunan Yom Kippur. Zai yi wanka, ya sa tufafin lilin, ya fara gabatar da bijimi saboda zunubinsa da na gidansa. Sannan a kawo bunsuru biyu daga wurin jama'a, a jefa musu ƙuri'a: ɗaya na Ubangiji, ɗaya na Azazel.

Na farkon yanka shi ake yi, a shiga da jininsa. Na biyun kuwa wuƙa ba ta taɓa shi. Haruna ya ɗora hannuwansa biyu a kansa, ya furta laifofin jama'a dukka, sai a miƙa shi ga wani mutum da aka keɓe, ya kai shi jeji inda ba kowa, ya sake shi. Shi ma mutumin ba zai koma zango ba sai ya wanke tufafinsa ya yi wanka. Wannan wankan ya daɗe yana tsaya mini a rai, don ya nuna sun ɗauki laifi kamar kaya mai ƙazanta, wanda ko rakiyarsa ka yi sai ya shafe ka.

Azazel ɗin nan sau 4 ya fito a surar, masana kuma sun rabu: wasu sun ce sunan wuri ne mai duwatsu, wasu sun ce sunan wata halitta ce ta jeji, wasu suka karanta shi da ma'anar bunsurun da ya tafi. Wannan karatu na ƙarshe William Tyndale ya bi a 1530, lokacin da ya fassara littattafan Musa zuwa Ingilishi, daga nan scapegoat ta samu. Daga baya kalmar ta bar wajen ibada ta koma kan mutum.

To, abu uku ne a cikinta: bai yi laifin ba, an ɗora masa, an kore shi don sauran su huta. Da wannan ma'auni nake gwada shawarwarinku.

Saniyar ware ta kama kora kaɗai. Ana iya mai da mutum saniyar ware don talaucinsa ko don ya faɗi gaskiya, ba tare da an jingina masa laifin kowa ba.

Ragon fansa ya fi jan hankali, Larabawa ma haka suke cewa, kabshul fida'i. Amma ku saurari yadda Bahaushe zai ji shi. Da ka ce ragon fansa, zuciya ta tafi wajen Annabi Ibrahim da ɗansa, wajen layya da rahama. Ragon nan abin daraja ne, ana kiwata shi, ana alfahari da shi. Ma'aikacin da aka kora ba a girmama shi ba, an shafa masa kashin kaji ne aka tura shi waje. In muka ba zalunci sunan layya, mun wanke wa azzalumi hannu. Ga shi kuma rago yanka shi ake yi, bunsurun Azazel kuwa da ransa ya tafi.

Karin maganar nan, an bar jaki ana dukan taiki, ta yi daidai sosai, kuma zan ci gaba da sa ta a cikin sharhi. Sai dai ba a iya nuna mutum a ce "shi ne taikin" a kanun labari a gane.

Da farko na so "bunsurun laifi", tunda nassin bunsuru ya ce. Wata yayata ta taka mini burki, kuma ta yi gaskiya: a Hausa in ka kira namiji bunsuru ko ɗan akuya, ka zarge shi da neman mata. Mutumin da muke son a tausaya wa sai mu ƙara masa wani sharri. Akuya kuwa ba ta ɗauke da wannan. Ga ta mai rauni, ga ta a kowane gida, kuma ginin ya zauna a kunne kamar akuyar ɗaure da saniyar ware. Kada jinsin ya dame ku, ai namiji ma saniyar ware muke ce masa.

Ina son a lura da abu ɗaya game da dokar kanta. Dabba aka ɗora wa kayan, bayan jama'a sun yarda laifin nasu ne, suna ƙasƙantar da kansu a ranar. Game da mutane kuwa, Maimaitawar Shari'a 24:16, a cikin Attaura, ta hana a kashe uba saboda ɗa ko ɗa saboda uba. Alƙur'ani ma, a 6:164, ya ce rai ba ya ɗaukar nauyin wani. Saboda haka ba zan haɗa kalmomin biyu ba. A karatun nassi a bar shi bunsurun Azazel. A labarai da siyasa, akuyar laifi.

Ga yadda jimlar rahoton ta fita a hannuna: "Ƙungiyar ma'aikata ta ce an mai da shi akuyar laifi ne don a rufa wa manya asiri." Na karanta wa mahaifiyata, wadda ba ta jin Turanci, ban yi mata bayanin komai ba. Ta girgiza kai ta ce, "Allah sarki, shi aka ɗora wa ke nan." Masu aiki a rediyo, ku gwada ta a baki, ku faɗa mini in ta yi muku nauyi.