Wasu baƙaƙen ƙwari a jikin mesata, dan Allah a taimaka

Mai_Dunƙule:
Salam jama'a. Ina da mesa bol faiton, shekararta biyu a hannuna ba ta taɓa ba ni matsala ba, sai satin nan na lura ta tare a cikin kwanon ruwanta, safe tana ciki dare tana ciki, na ɗauka saɓa za ta yi ne shi ya sa ban damu ba. Jiya da zan canza ruwan sai na ga wasu ɗigo-ɗigo baƙaƙe a ƙasan kwanon, ƙanana sosai kamar an ɗiga biro. Na ɗauke ta, ina ajiye ta kuma na ga biyu suna tafiya a bayan hannuna wlh sai da tsikar jikina ta tashi. Na murtsuke ɗaya a tishu sai ga jini. Akwai wasu a gefen idonta da tsagar nan ta ƙarƙashin haɓa. Abinci ma ta ƙi karɓa. Wata ɗaya da ya wuce na karɓo wata ƙaramar bowa (wani irin maciji ne mai kama da mesa), kejinsu daban amma ɗaki ɗaya suke. Na yi mata wanka na wanke kejin, yau da safe na sake ganinsu. Mene ne wannan kuma ya zan yi?

Baba_Keji:
Wa alaikumus salam ɗan uwa. Ƙumar maciji ce, sunanta na kimiyya Ophionyssus natricis, jinin da ka gani a tishu shi ne shaida, don fararen ƙwarin nan da ke fitowa daga katako ba sa shan jini. Kuma kar ka wahalar da kanka wajen neman inda suka fito, bowar nan ce ta zo maka da su.

Abin da ya sa wanka ɗaya bai yi ba, waɗanda kake gani a jikinta kaɗan ne daga cikinsu. Macen idan ta sha jini ta ƙoshi sauka take yi ta nemi lungu mai duhu da danshi, tsagar katako, bakin murfi, ƙarƙashin maɓoya, can take zuba ƙwai, kuma guda ɗaya tana iya yin 60 zuwa 80 a rayuwarta. Daga ƙwai zuwa babba sati biyu ne zuwa uku in da ɗumi, ɗumin kuwa kai ka kunna musu da kanka da hitar kejin. To ka ga kana wanke maciji, gobe wasu sun ƙyanƙyashe sun hau.

Ka kwashe duk shimfiɗar ka ɗaure a leda ka fitar da ita daga gidan gaba ɗaya, kar ka ce za ka shanya ka maida. Katako da ɓawon itace ni dai zubarwa nake yi, ban da haƙurin gasa su. Kejin da kwano da maɓoyar roba a wanke da ruwan zafi sosai, zafin da ya haura digiri 50 yana kashe su, ka bi kusurwa-kusurwa da tsohon buroshi. Sai ka shimfiɗa farin tishun kicin kawai, kwano ɗaya maɓoya ɗaya, a kan fari duk wadda ta faɗo za ka gan ta. Ita kuma mesar ruwa mai ɗumi-ɗumi, kada ya shanye ta, ka bari ta sha tukuna kafin ka ɗiga sabulun wanke-wanke ɗigo ɗaya, minti 20 zuwa 30 kana tsaye a kanta. Ido da haɓa ba sa nutsewa, nan sai da auduga mai tsinke a jiƙe, a hankali. Bowar ma haka, ko ba ka ga komai a jikinta ba.

Sarkin_Sauri:
Kai duk wannan dogon aiki, ka shafe ta da man zaitun kawai su shaƙe su mutu, ni haka na yi. Ko ka samu maganin feshi na sauro ka fesa ɗakin.

Ummu_Bowa:
Malam Sarkin_Sauri dan Allah a'a. Man yana kashe na jiki gaskiya amma ƙwan da ke cikin keji fa? Ni na taɓa yi da farko, ƙumar ta dawo, ga maciji ya yi ta zubar da ɓawo ɗaiɗai sai da ya yi saɓa biyu kafin ya dawo daidai. Feshin sauro kuma kar ma a fara, maciji ba ya jure shi, sai ka ga yana karkarwa yana juya kai sama, wani daga nan shi ke nan.

Mai_Dunƙule, abin da Baba ya faɗa daidai ne amma wanka da wanki kaɗai da wuya su gama maka, sai da magani. Akwai wanda aka yi musamman don wannan, Provent-a-Mite, sinadarin fametirin ne a ciki. Keji ake fesawa, BA jikin maciji ba. A fitar da maciji a fitar da kwanon ruwa, a fesa a inda iska ke shiga, a bari ya bushe ƙarƙaf babu ko wari sannan a maida shi. In kana da kyanwa ka yi nesa da ita don fametirin guba ne gare ta, haka kifi, haka gizo-gizo in kana kiwonsu. Likitocin dabbobi kuma suna amfani da ibamektin ko feshin Frontline, amma awo ne da nauyin maciji, kar ka yi da ka. Ibamektin ɗin ma in kana da kunkuru ko kusa kar ya je, kashe shi yake yi.

Ni yanzu da yake kejina mai shuke-shuke ne, ƙwari masu cin ƙuma nake sakawa, Taurrus, su cinye su in abinci ya ƙare su ma su mutu. Sai dai ba a haɗa su da feshi, feshin zai kashe har da su, kuma in abin ya yi yawa suna da jinkiri.

Abin da ya fi damuna a maganarka ƙin cin abincin ne. Buɗe bakinta a hankali ka duba, in ya yi fari fat maimakon ruwan hoda to jini ya yi ƙasa, wannan na likita ne ba na gida ba. Kuma tunda akwai bowa a ɗakin ka raba su ɗaki yau ɗin nan, ana zargin ƙumar nan da yaɗa wata cutar bairos da bowa kan ɗauka ta daɗe ba alama, mesa kuwa in ta kamu ba ta jimawa.

Mai_Dunƙule:
Na gode ƙwarai Baba, na gode Hajiya. Na duba bowar da tocila, ashe ita ce ma ta fi yawa, kalarta ce ta ɓoye su. Na kai ta wani ɗakin. Bakin mesar da sauran ja alhamdulillah. To har yaushe zan ci gaba da tishun nan? Kuma hannuna yana ƙaiƙayi tun jiya, suna zama a jikin mutum ne?

Baba_Keji:
Suna cizon mutum, ƙuraje da ƙaiƙayi, amma ba sa iya rayuwa a jikinka, sai dai kai ne motar da za ta kai su ɗayan kejin, don haka wanke hannu da canza riga tsakanin macizan biyu. Ka goge kantar da kejin yake kai da labule da wayar hita ma, tafiya suke yi sosai. Tishu kuma ka riƙa canzawa kullum, ka fara lissafi daga ranar da ka ga ta ƙarshe, sati shida, don babba tana iya kai kwana 40 a ɓoye. Ka ga ɗaya a sati na huɗu, lissafi ya koma farko. Ni nan aka ci ni, na maida shimfiɗa a sati na uku don na gaji da ganin keji kamar ɗakin asibiti. Bowar ka bar ta can ɗakin wata uku.