Ɗiyar ƙanena za ta bar lakwal, wa zan gani?

Goggo ta Garin Malam:
Salamu alaikum 'yan uwa. Ƙanena ya rasu da damina, ya bar ɗiya, Hadiza, mai shekara 14, tana aji 4e a wani kolej nan Damagaram. Uwarta ba lafiya, shi ya sa tun asuba Hadiza ke bin layin pampo da jarka biyu, sai ƙarfe 9 take isa aji. An kore ta bakin ƙofa sau uku. Jiya na tarar da kayenta na lissafi cikin kwandon tumatir, ta ce talla za ta koma. Ni kuma abin da nake samu a ƙosai bai wuce jika ɗaya ba. Akwai taimakon da lakwal ke yi wa marayu?

Mushe mai ritaya:
Allah ya jiƙansa. Hajiya, ki je da kanki wajen darakta, kada ki aika yaro. Sau da yawa ba mu san an yi rasuwa a gida ba, sai mu ɗauka wasa ne. Ki nemi shugaban COGES (kwamitin da ke kula da tafiyar da lakwal) kuma, su ke karɓar kuɗin iyaye, suna iya ɗauke mata. Ki duba takardar haihuwarta tun yanzu, baɗi da ita za a yi dosiyen BEPC, jarrabawar ƙarshen kolej.

Maman Fati, Birni:
Ruwan ne matsalar ai, yaya. Ki haɗa da ga-ruwa ya riƙa kai musu da safe, ko dangi su yi karo-karo.

Goggo ta Garin Malam:
Na gode. Takardar tana akwatin marigayi, na gani. Litinin zan je, in Allah ya so.