Neman littattafan karatu ga 'yan ƙaramar sakandare

Assalamu alaikum. Malamai 'yan'uwa, ku taimaka mini da shawara.

Ina kula da ƙungiyar karatu a wata ƙaramar sakandare a Kaduna, yara 'yan shekara 11 zuwa 14. Ajin gauraye ne: Hausawa, Fulani, Bajju, Gbagyi, Yarabawa, har da yaran da rikici ya koro daga ƙauyukansu. Akwai yarinyar da aka haifa a nan, Hausa ce a bakinta, amma kullum ana ce mata baƙuwa. Wani yaron kuma da mahaifiyarsa ta yi masa Fulatanci a bakin ƙofar makaranta sai ya sunkuyar da kai. Abin yana damuna ƙwarai.

Na gwada Magana Jari Ce. Suna son sa, sai dai labarin sarakuna da fadawa ne, ba su ga kansu a ciki. Littattafan soyayya na kasuwa sun fi ƙarfin shekarunsu, iyaye ma ba za su yarda ba. Waɗanda aka ba mu kyauta daga Amurka suna magana kan wariyar launin fata, amma Turancin ya yi musu nauyi, kafin shafi na biyar rabin ajin ya fara hamma. Shagunan da na zaga kuwa littattafan jarrabawa ne kawai.

Wane littafi kuka sani, na Hausa ko Turanci mai sauƙi, da jaruminsa yaro ne ɗan Arewa mai fama da tambayar "ni ɗan ina ne", wanda zan iya samu a Kaduna ko Zariya?