Dan Allah a ba ni shawara, man gidajen mai duk ɗaya ne ko akwai bambanci?

Mai Neman Shawara:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Wallahi kwana uku ke nan ban yi barcin kirki ba saboda motar nan. Motar ta yayana ce, shi ya sayar min shekara biyu da suka wuce da zai canza wata, ban ma gama biyansa ba sai bara kuma rabin kuɗin matata ce ta ranta min, shi ya sa duk abin da ya taɓa motar nan sai in ji kamar jikina ya taɓa. Ranar da ya miƙo min makulli ya ce kar in kuskura in sha mai ko'ina sai a gidan man kamfani ɗaya da yake sha tun tana sabuwa, ni ma na riƙe wannan, ko zan wuce gidajen mai uku sai na je can. To ranar Litinin na ɗauko yara daga makaranta wutar mai ta kawo, ga ƙaramar tana kuka, sai na faɗa wani ƙaramin gidan mai da ban taɓa shiga ba na cika tanki. Washegari da safe mota ta fara jijjiga a silo, in na taka totur sai ta yi kamar za ta mutu sannan ta fizga, jiya kuma wutar inji ta kawo. Bakanikena ya ce man ne, a sauke tanki a zubar. Abokin aikina ya ce mai duk ɗaya ne suna kawai muke saye. Har yanzu ban faɗa wa yaya ba. Wanne zan ɗauka?

Uwar Biyu:
Wa alaikumus salam. Allah ya sawwaƙe ɗan uwa. Wace irin mota ce, kuma yaushe rabonta da sabis? Ba ka faɗa ba.

Tsohon Direban Tanka:
Yaro saurara in gaya maka, ni shekaruna na yi ina ɗaukar mai daga daffo. Mai in ya baro matatar mai ba shi da sunan kowa a jikinsa. Babban tanki ɗaya ne a daffo, tankar wannan kamfani ta ɗiba, ta wancan ma ta zo ta ɗiba a wuri ɗaya, muna layi tare muna hira. Abin da ya raba su shi ne sinadarin wanke inji da wasu kamfanoni ke zubawa lokacin lodi, ɗan kaɗan ne a cikin dubban litoci. Kuma rashin wannan sinadari ba ya sa mota jijjiga a kwana ɗaya, aikinsa na watanni ne da shekaru, ya hana datti taruwa a injekta da bawul. In har man ne ya yi maka haka to ruwa ne ko laka daga tankinsu na ƙarƙashin ƙasa, wannan kuma ba ruwansa da sunan da ke kan allo, halin mai gidan ne. Na ga gidan mai na babban kamfani da tankinsa ke shan ruwa, na ga ƙaramin da ake auna ruwan tankinsa kullum da safe.

Mai Tasi:
Baba da girmanka amma ni ban yarda ba. Ni kullum ina kan titi, akwai man da in na sha lita goma ya kai ni yamma akwai wanda kafin la'asar ya ƙare. Ni abin da ya fi ƙona min rai ma famfonsu, ka biya kuɗin lita goma allura ta nuna maka takwas, ka yi magana yaron ya ce motarka ce. Sau biyu ana min haka a wata ɗaya ga balas na jirana wajen mai mota, wa zan kai wa ƙara?

Tsohon Direban Tanka:
To ai ka ba kanka amsa. In an tauye maka lita dole ya ƙare da wuri, matsalar awo ce wannan. Sannan yau ka sha cunkoso gobe titi a buɗe, iskar taya ma tana canza shan mai, ta ina ka auna?

Mai Neman Shawara:
Na gode Baba. Amma fa shekara biyu motar nan ba ta taɓa yi min haka ba sai da na canza gidan mai, kwana ɗaya tak. Ya za a ce ba man ba ne? Kuma yaya ba zai hana ni a banza ba, mutum ne da ya san mota.

Ɗalibin Injiniya:
Yaya, yayanka yana da hujja ta wani ɓangaren. A Amurka tun 1995 doka ta tilasta a sa wa duk fetur mafi ƙarancin sinadarin wankewa, sai kamfanonin mota irin su Toyota, Honda, BMW da General Motors suka ga bai isa ba suka fito da ma'aunin Top Tier a 2004 mai sinadari fiye da na doka. A 2016 ƙungiyar masu mota ta AAA ta gwada ta samu man da ba na wannan ma'auni ba ya bar datti a bawul kusan ninki 19 na wancan. Ke nan bambanci akwai shi. Sai dai kamar yadda Baba ya ce a hankali yake taruwa. Abu na biyu lambar okten, 91 ko 95 ko 98 da ake rubutawa a famfo, ita juriyar mai ce kar ya kama da wuta kafin lokaci, ba ƙarin ƙarfi take bayarwa ba. In littafin motarka ya ce 95 ka zuba na ƙasa za ta iya yin ƙara ƙas-ƙas ta rage ƙarfi. Wanne ka zuba ranar?

Mai Neman Shawara:
Ban duba ba gaskiya, yara na kuka. Littafin ma yana wajen yaya.

Tsohon Direban Tanka:
Ɗalibi ka yi karatu amma ka bar zancen Amurka, mutum motarsa na jijjiga yau. Kai mai mota, ka sa bakanike ya zaro mai kaɗan daga ƙasan tanki a zuba a farar kwalba a ajiye minti goma. Ruwa ya fi fetur nauyi, in akwai za ka gan shi kwance a ƙasa da idonka. In babu kar ka bari a zubar maka da tanki guda. Kuma ni zargina ɗaya, kai ka ce har wutar mai ta kawo kafin ka sha, ka saba tafiya da tanki a ƙasa don sai ka kai gidan man yayanka. Famfon mai a cikin tanki yake, man ne ke sanyaya shi, kullum kana barinsa a fili yana zafi.

Uwar Biyu:
Ni dai nawa da ya yi haka fulogi ne da koyil ɗaya. Bakanike ya sa na zubar da mai, ya wanke injekta, ya canza filta, mota ba ta daina ba, sai da na kai wani ya sa mata kwamfuta minti biyar ya ga silinda ta uku ce ba ta kama wuta. Har yau in na tuna raina ɓaci yake, don mace ce ni ya ga ban san komai ba, maigidana kuma ya ce ni na jawo da na tafi ni kaɗai. Ka sa mata kwamfuta kafin komai tunda wuta ta kawo. Na sake tambaya yaushe ka canza fulogi?

Mai Tasi:
Kar ka tsaya wata kwalba, ka zubar kawai, famfo da injekta sun fi tankin mai tsada. Ko ka sayi maganin nan na gwangwani ka zuba.

Ɗalibin Injiniya:
Maganin gwangwani ba zai ɗauke ruwa mai yawa ba. In ma man mai gaurayen etanol ne, wato sinadarin barasa da ake haɗawa da fetur, ruwa na shiga sai etanol ɗin ya bi shi su kwanta a ƙasa tare, wanda ya rage a sama okten ɗinsa ya ragu.

Mai Neman Shawara:
Hajiya fulogi ban taɓa canzawa ba tunda yaya ya ce ya sa masu kyau, baƙin mai dai ba na wasa da shi. Kuma Baba ba kullum nake barin tanki ya yi ƙasa ba, wani lokaci ne kawai in hanya ba ta bi da ni can ba. Bakaniken nan shi yake duba ta tun tana hannun yaya, in na kai ta wani wuri a sa kwamfuta zai ji ba daɗi kuma maganar za ta koma kunnen yaya. Ni dai har yanzu zuciyata na kan man nan.

Tsohon Direban Tanka:
Kwalba fa na ce, ko sisi ba za ka kashe ba. Ka yi ka dawo ka faɗa mana abin da ka gani.

Mai Neman Shawara:
To Baba zan gani. Bakaniken ya ce in kai ta gobe da sassafe a sauke tankin, na riga na ce masa to. Amma in an zubar ɗin na koma gidan man da na saba, akwai wanda ya san kwana nawa take yi kafin wutar ta mutu da kanta?