Za mu yi wa ɗalibai wasa a Samaru, ina neman shawara

Mai Jita:
Salamu alaikum. Mu biyar ne, waƙoƙin wasu muke rerawa, tsofaffin na Hausa da na kudu. 'Yan ajin ƙarshe na ABU sun gayyace mu dinarsu a Samaru ranar Asabar. Mu kuwa bikin aure muka saba. Da me za mu buɗe?

Baban Kalangu:
Wa'alaikumus salam. Ƙanena, kada ka buɗe da tsofaffin. Ɗaliban Zariya daga ko'ina suke, akwai Yarbawa, akwai 'yan Binuwai da Filato. Fara da abin da suke ji a waya. Idan fili ya yi zafi, sai ka saki kalangu, za ka ga har wanda ba ya jin Hausa ya miƙe.

Yar Kongo:
Ku karɓi kuɗin kafin alƙalami. Karo-karo suke yi, kuma ƙarshen zango ne, aljihu ya bushe. Liƙi kam, ku cire rai.

Baban Kalangu:
Af, janareta! Ku tambaya wa zai sayi mai. An taɓa ɗauke mana wuta ana tsakiyar amshi, sai ganga kaɗai ta rage.

Mai Jita:
Na gode, Baba. Yanzu zan kira shugaban ajin.