Nozul na silinda ta biyu yana yanke mai idan injin ya yi zafi

Assalamu alaikum. Ina neman shawarar masana lantarkin mota a kan wata matsala da ta gagare mu a nan Jos. Motar mai silinda huɗu ce, ƙirar 2005. Da sanyin safiya tana tashi lafiya, amma da zarar injin ya ɗauki zafi sai ta fara karkarwa, ƙarfinta ya ragu, na'urar bincike kuma ta nuna lambar P0202, wato matsala a layin wutar nozul na biyu (nozul shi ne abin da ke fesa mai ga silinda).

Bakanike ya musanya nozul ɗin da na silinda ta uku, matsalar ba ta bi shi ba. Wutar batir tana isa soket ɗin, sai dai fitilar gwaji tana daina ƙyaftawa a ɗaya wayar, wadda birenbos (kwamfutar da ke sarrafa injin) ke haɗawa da ƙasa, wato ɓangaren negatif na batir, domin buɗe nozul.

Shi ya ce a sayi wani birenbos, ni kuwa ina ganin an yi gaggawa, domin wayar da ta tsinke daga ciki ma tana iya yin haka idan ta ji zafi. Don Allah, wane gwaji ne zai bambance laifin waya da na birenbos kafin in kashe kuɗi?